Kogon Ogbunike: Muna Wucewa Ta Bakin Ƙofarsa Ba Mu Taɓa Leƙawa Ba

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata 'yar muhawara ce da ta kaure a majalisarmu ta bayan Magariba a nan Anaca. Ranar wata Lahadi na kwashi yarana biyu, tare da wani maƙwabcina Ibo da muka fi shekara goma muna gaisawa, muka tafi Kogon Ogbunike. Da na dawo ina ba da labari, sai wani dattijo namu, wanda ya riga ni zuwa garin nan da shekaru masu yawa, ya dube ni ya ce, "Yanzu kai Malam, duk faɗin duniyar nan ka rasa inda za ka kai 'ya'yanka sai ramin tsafi?" Na ce, "Baba, ka taɓa zuwa ne?" Ya ce Allah Ya kiyashe shi. Na ce, "To ko ka san inda yake?" Ya ce ai can wajejen Inugu ne. Aka yi dariya, amma da na bi majalisar da ɗai-ɗai sai na tarar a cikin mutum tara babu wanda ya taɓa zuwa, biyu ne kacal ma suka taɓa jin sunan kogon.

Alhali kuwa, mai karatu, daga Anaca zuwa Ogbunike tafiya ce da ba ta kai rabin sa'a ba idan ba a gamu da cunkoson Nkpor ba. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Oyi ta jihar Anambra, dab da Ogidi, mahaifar marubucin nan Chinua Achebe. Duk direbanmu da ya taɓa ɗauko albasa ko tumatir ko shanu ya biyo ta Inugu ya san tsohon tolget na Ogbunike. Masu bin siyasa kuma sun san garin ta wata fuskar, domin shi ne garin marigayi Dokta Chuba Okadigbo, wanda ya yi wa Shehu Shagari mai ba da shawara kan siyasa, ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2000, ya kuma tsaya wa Janar Buhari mataimaki a zaɓen 2003. Mun san tolget, mun san Okadigbo, amma abin da garin ya fi alfahari da shi ba mu san shi ba. Ra'ayina shi ne wannan rashin sani asara ce gare mu, kuma kalmar "tsafi" da muke jefawa mun mai da ita mayafin lalaci ne kawai.

Bari in fara gaya muku yadda wurin yake. Su masu garin Ogba suke ce masa, wato kogo a harshensu. Yana cikin wani kwari ne mai zurfi a ɓangaren Ifite-Ogbunike, don haka mai zuwa gangara zai yi ta yi. Gwamnatin jiha ta gina matakala a tsakiyar shekarun 1990, taki 317. Saukar ba wuya, yara ma da gudu suka yi ta. Hawan dawowa ne ke nuna wa mutum shekarunsa, ni sau uku na tsaya ina riƙe gwiwa. Tun kafin ka kai rabin matakalar za ka ji iska ta canza, zafin titi ya ɓace, inuwar manyan itatuwa ta rufe ka, ƙarar tsuntsaye ta maye gurbin ƙarar babura. A ƙasa ne ake cire takalmi.

Bakin kogon wani babban zaure ne, tsayinsa sama ya kai mita 5, faɗinsa mita 10, zurfinsa ciki kuma wajen mita 30. Daga wannan zaure hanyoyi goma suka rarrabu, kowace ta nufi nata waje a cikin dutsen. Wasu sai an duƙa, wasu sai an yi rarrafe da gwiwa da tafin hannu, wasu kuma sukan buɗe su zama ɗaki inda mutum zai miƙe tsaye, kafin su sake tsukewa su haɗe da wata hanyar. Duhu ne wanda idan aka kashe tocila ba ka ganin tafin hannunka. Ruwa kuwa ko'ina: yana tsattsafowa daga bango, yana ɗiga daga rufi, yana gudana a ƙarƙashin ƙafarka, a wani wuri iya idon sawu, a wani wuri ya fi haka. Jemagu sun yi dafifi a sama, warinsu kuma ba ya ɓoyuwa. Ɗana ƙarami ya riƙe rigata bai saki ba har muka fito.

Ruwan da ke fitowa daga kogon yana gangarawa ne ya faɗa wani rafi mai gudu da ake kira Nkisa. A daidai mahaɗar, idan ka sa ƙafa ɗaya a ruwan kogo, ɗaya a ruwan rafi, za ka ji na kogon da ɗumi, na rafin da sanyi. Masu yi wa baƙi jagora sukan nuna wannan a matsayin abin al'ajabi, kuma lallai akwai mamaki, amma duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubar hunturu a Kano ko Katsina ya san sirrin. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa ba ruwansa da sanyin dare ko zafin rana, zafinsa kusan ɗaya ne shekara duka. Na rafi shi ne ke bin yanayin iska. Shi ya sa ruwan rijiya yake tururi da safe alhali na randa ya yi ƙanƙara-ƙanƙara.

To wa ya haƙa wannan kogo? Ruwa ne, da ikon Allah, cikin lokaci mai tsawon da lissafinsa ke sa kai juyawa. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta yi wani dogon kwari wanda a yau kogin Binuwai ke bi ta cikinsa. Teku ta sha shigowa ta wannan kwari tana komawa. Shaidar hakan tana gidanmu ma: farin dutsen da ake siminti da shi a Ashaka ta jihar Gombe, da na Kalambaina a Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya taru. A nan kudu kuma dazuzzukan fadama na wancan zamani su ne suka zama kwal ɗin da Turawa suka gano a Udi a 1909, wanda ya kafa garin Inugu. Bayan haka koguna suka yi ta kwaso yashi da laka suna jibgewa a bakin teku, bakin tekun yana ja da baya zuwa kudu. Wannan yanki da muke zaune a kai ya taɓa zama gaɓar teku. Yashin nan da ya danƙare ya zama dutse shi ne jikin Kogon Ogbunike.

Dutsen yashi yana shan ruwa kamar soso. Ruwan saman da ake yi a nan a shekara ya ninka na Kano, yana nutsewa ta cikin dutsen har ya tarar da shimfiɗar laka wadda ba ta barin ruwa ya wuce, sai ya juya ya bi gefe yana neman mafita a jikin kwari. A kan hanyarsa yana sassauta abin da ya riƙe ƙwayoyin yashin, yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya. Abin da ya hana rufin ruftawa shi ne sinadarin ƙarfe da ya ƙanƙame dutsen ya taurara shi, irin marmarar da masu haƙar rijiya suke fama da ita a gida, shi ya sa ma bangon kogon yake da ja-ja. Aikin kuwa bai ƙare ba. Idan ka tsoma hannu a ruwan da ke fita za ka ɗebo yashi, wannan yashi jiya bango ne.

A nan ne nake so 'yan'uwa su tsaya su yi tunani. Wannan ƙasa mai yashi da ruwa ya sassaƙa ya yi kogo da ita, irinta ce ruwa ke yagewa a Nanka da Agulu da Oko, inda zaizayar ƙasa ta yi kwazazzabai masu zurfin da ke haɗiye gidaje da gonaki da tituna. Duk wanda ya zauna a Anambra ya ga hotunan, ko ya ga abin da idonsa. Bambancin wuraren biyu, a nawa ganin, yana da alaƙa da daji. Inda aka sare itatuwa aka yi gini aka saki ruwan kwata, ruwan sama yakan taru ya zo da ƙarfi ya yanki ƙasa. Inda daji ya rufe, ganye yana karya ƙarfin ruwan, saiwoyi suna riƙe ƙasa, ruwan ya nutse a hankali ya fito a ƙasa garai-garai. Kewayen kogon nan akwai kurmi da ya kai kimanin mita 200 ta kowane gefe, a yankin da filin gini ya fi zinariya tsada. Me ya hana a sare shi? Mutanen garin suna ganin girman wurin, suna da dokokinsu a kansa tun kaka da kakanni. Ni Musulmi ne, ban yarda da abin da suke cewa yana zaune a cikin kogon ba. Amma ina da ido, na ga cewa wannan girmamawa ta tsare daji da ruwa a inda takardar gwamnati ita kaɗai da wuya ta iya.

Mu dawo kan tarihi. Abin da dattawan garin ke faɗa shi ne wani maharbi mai suna Ukwa ne ya gano kogon yana cikin farauta. Har yanzu ana yin bikin shekara-shekara mai suna Ime Ogba domin tunawa da wannan. Suna kuma cewa a da can kogon kotu ne: wanda aka zarga da babban laifi ya musanta, a can ake kai shi ya rantse, fitowarsa lafiya ita ce wankewarsa. Wannan labari bai kamata ya zama baƙo a kunnen Bahaushe ba. Mu ma tarihinmu da baƙo da rijiya da maciji ya fara a Daura, na Kano kuma da dutsen Dala da Barbushe da Tsumburbura. Ba wanda ya ce wa mai hawa Dala ranar Sallah ya yi tsafi.

Inda na saɓa da masu jagora shi ne adadin da suke liƙa wa labarin, wai Ukwa ya gano kogon shekara 4,000 da suka wuce. Labarin baka yakan riƙe suna, ya riƙe zuriya, ya riƙe abin da ya faru, amma ba ya riƙe lissafin shekara dubu huɗu. Irin wannan adadi don a burge baƙo ake faɗarsa, kuma yankin nan ba ya buƙatar ƙari, domin tarihinsa na gaskiya ya isa abin burgewa. A Igbo-Ukwu, cikin jihar nan, ba nisa da Ogbunike, wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a ƙarshen shekarun 1930 ya ci karo da kayan tagulla. Baturen nan masanin tono kayan tarihi, Thurstan Shaw, ya zo ya yi aiki a wurin a 1959 zuwa 1960, ya sake dawowa a 1964. Abin da ya fito ya girgiza masana: tukwane da ƙwarya da sanduna na tagulla masu ado mai laushin da har yau maƙera ke jinjina wa, da duwatsun ado sama da 165,000, da yawa na gilashi, waɗanda wasunsu daga nesa ƙwarai suka zo. Awon da aka yi ya kai kayan zuwa wajen ƙarni na 9 ko na 10, wato kafin Bagauda, wanda tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a 999. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin kayan shi ne wani mariƙi da aka ƙera da siffar mutum a kan doki. Doki ba ya daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando. Ke nan mutanen nan sun san doki, sun san ƙasar da yake fitowa, shekara dubu kafin a gina gadar Anaca a 1965. Duk mai ganin cewa hulɗar kurmi da ƙasashen arewa da tirela ta fara, to ya sake lissafi.

Akwai kuma tarihin da bai yi nisa ba, wanda shi ne ya fi taɓa ni. Mutanen garin suna cewa a kogon kakanninsu suke ɓuya zamanin farautar bayi, a nan kuma iyayensu suka ɓuya lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wannan yanki ya ga wuta. Runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad ta yi yunƙurin tsallako Kwara daga Asaba a Oktoban 1967 abin bai yiwu ba, sai a Maris 1968 ta shigo Anaca ta hanyar ƙasa, a ƙarshen watan kuma aka yi kwanton ɓaunar Abagana a kan wannan tsohuwar hanya ta Inugu. Muna cikin wani ɗaki a cikin kogon maƙwabcina ya haska wani lungu da tocila ya ce mahaifiyarsa ta ba shi labarin yadda mata suke toshe bakin jarirai idan suka ji jirgi. Ban ce komai ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne Fabrairun 2006, lokacin da rikicin Maiduguri ya jawo ramuwar gayya a kanmu a Anaca, aka kashe namu da dama, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba da ƙafa, wasu suka cika barikin soja. Ni da iyalina a ɗakin ajiyar kayan wani Ibo muka kwana biyu, matarsa tana miƙo mana ruwa ta taga. Na san yadda ake toshe bakin jariri. A cikin duhun nan na fahimci cewa mutumin da nake saya wa yara burodi a shagonsa shi ma ɗan masu ɓuya ne, kuma shekara goma muna gaisawa ban taɓa tambayarsa ba.

Sai batun dokokin shiga, wanda shi ne hujjar dattijonmu. Doka biyu ake faɗa wa baƙo: a cire takalmi, kuma mace mai al'ada ba ta shiga. Ba wanda ya ce mu durƙusa wa wani abu, ba wanda ya nemi mu yanka kaza ko mu faɗi wata kalma. Akwai masu zuwa da nasu buƙatu, suna addu'o'insu, suna ɗibar ruwa a jarka wai na waraka ne. Wannan tsakaninsu da imaninsu. Ni dutse da ruwa na je gani, na cire takalmi kamar yadda nake so baƙo ya cire idan ya shigo zauren mahaifina. Gaskiya ma ƙafa ba takalmi ta fi riƙe santsin dutsen. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa, ban hana ba. Amma ya kai wa malamin bayanin abin da ake yi a wurin na haƙiƙa, kada ya kai masa jita-jitar majalisa.

A shekarar 2007 Nijeriya ta miƙa sunan Kogon Ogbunike ga hukumar UNESCO a jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, irin matsayin da Sukur ta Adamawa ta samu a 1999, kurmin Osun na Osogbo ya samu a 2005. A wannan shekara ta 2007 aka miƙa sunan badalar Kano da na Surame ta Kanta. Duk wanda ya je Kano kwanan nan ya ga abin da ya rage na badala, an yanka ta an yi shaguna da gidaje, an kwashe ƙasarta an yi tubali. Saboda haka idan na ce wani abu a kan yadda ake kula da kogon, ba da ɗaga hanci nake faɗa ba. Abin da na gani wanda bai yi mini daɗi ba aikin masu ziyara ne: bangon zauren farko ya cika da sunaye da aka kankara da ƙusa ko aka rubuta da gawayi, ga ledar ruwa da robar lemo a gefen rafi. Dutsen yashi yana da laushi, abin da ka kankara ba ya gogewa. Na gode Allah ban ga sunan Bahaushe ko ɗaya a bangon ba, ko da yake na san dalilin.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai je. A 1994 wasu masu bincike suka wallafa cewa sun samu, a cikin ƙasar kogon nan da ta cakuɗe da kashin jemage, wata ƙwayar cuta dangin funfuna wadda ke shiga jiki ta numfashi, takan kama fata da ƙashi. Mafi yawan masu shiga ba abin da ke samunsu, amma mai raunin garkuwar jiki ko mai ciwon ƙirji gara ya tsaya a zauren farko. Kada a tone busasshiyar ƙasa ana ta da ƙura, kada a kama jemage, kada kuma a sha ruwan ciki komai garai ɗinsa. A tafi da ruwan sha daga gida.

Lokacin rani ya fi daɗin zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, domin da damina ruwan ciki yana ƙaruwa, matakala kuma tana santsi. A sa tufafin da ba a jin tsoron su ɓaci, a riƙe tocila mai kyau, kada a dogara da ta waya. Kada a shiga hanyoyin ciki ba tare da ɗan jagora na garin ba, a kuma yi ciniki da shi tun a sama kafin a sauka. Duk mun san yadda tsaro ya kasance a jihar nan tun 2021, don haka a tambayi halin hanya kafin a fita, a tafi da safe a dawo da rana tsaka. Abin da ya fi duka, a nemi wani ɗan ƙasa da aka saba da shi a tafi tare, maƙwabci ko abokin ciniki. Zai ji daɗin an tambaye shi fiye da yadda kuke zato.

Dattijon namu dai har yanzu yana kan bakansa, sai dai jiya ya kira ni gefe ya tambaye ni ko gaskiya ne matakalar ta kai ɗari uku, domin gwiwarsa ba ta da lafiya. Na ce masa 317 ne, amma akwai wurin hutawa. Mun sa ranar Lahadi ta biyu bayan Sallah, mutum shida sun ba da suna, motar tana ɗaukar goma sha huɗu.